Wanda bai amsa ba, kada a amsa a madadinsa

Saƙon ya shigo zaurenmu na WhatsApp da daddare, bayan isha'i. Shugaban zauren ne ya rubuta: "Malamai, assalamu alaikum. An yanke shawarar cire sharaɗin hana sayarwa daga littafinmu. Duk wanda bai ce komai ba daga nan zuwa Juma'a, mun ɗauka ya amince." Kafin ka ce kwabo an fara jera alamar babban yatsa. Ni ma ina cikin masu son a cire sharaɗin, hasali ma ni na fara tayar da maganar. Amma jimlar nan ta ƙarshe ta tsaya mini a maƙogwaro, har na kasa barci sai da na rubuta cewa ban yarda da ita ba.

Littafin da ake magana a kai ba wani gagarumin abu ba ne. Mu malaman kimiyya ne na ƙananan sakandare, muka gaji da ganin yara suna haddace Turancin da ba su fahimta, muka fara rubuta darussa da Hausa, kowa ya ɗauki babin da ya fi ƙwarewa a kai. Wani ya rubuta, wani ya gyara, wata malama ta zana hotunan ganye da na zuciya da hannunta ta ɗauka da waya. A shafin farko muka sa lasisin Creative Commons, irin wanda ake kira CC BY-NC-SA. Ma'anarsa a taƙaice: kwafa ka raba, gyara yadda kake so, amma ka ambaci sunan masu shi, kada ka yi kasuwanci da shi, kuma abin da ka gyara ka sake shi a kan waɗannan sharuɗɗan. A lokacin babu wanda ya yi gardama. Kowa yana tsoron wani ya kwashe guminmu ya je ya buga ya sayar.

Sai ga shi sharaɗin da muka kafa don kare kanmu ya zama shi ne ƙaya. Wani mai maɗaba'a ya ce zai buga littafin a takarda mai araha ya kai ƙauyukan da babu waya babu intanet, amma dole ya ɗora 'yar riba, ba zai yi aikin Allah da tawadar bashi ba. Sharaɗinmu ya hana shi. Wasu matasa masu rubutu a Wikipedia ta Hausa suka nemi su ɗebi bayaninmu na zagayawar jini su sa a can. Shi ma bai yiwu ba, domin Wikipedia ba ta karɓar abin da aka hana kasuwanci da shi. Har mai shagon fotokwafi sai da wani ya tambaya ko ya halatta ya karɓi kuɗi. Kada ka yi dariya: a Amurka sai da wannan tambayar ta kai kotun ɗaukaka ƙara. Wata ƙungiya mai suna Great Minds, wadda ta wallafa darussan lissafi da irin lasisinmu, ta kai ƙarar FedEx saboda shagunansa suna karɓar kuɗi su buga wa makarantu. A 2018 kotu ta ce makarantar da ke da izinin kwafa tana iya biyan shago ya kwafa mata. Idan masu lauyoyi sun yi shekaru kafin su warware wannan, ina ga malamin ƙauye?

Don haka ni a wurina sauyin alheri ne. Inda muka rabu da shugaban zaure shi ne hanyar.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, littafin da mutum goma sha suka rubuta tare ba mallakar zaure ba ne, ba na shugaba ba ne, ba na wanda ya buɗe asusun da aka ajiye shi ba ne. Kowa yana riƙe da haƙƙin abin da ya rubuta, sai fa in ya sa hannu ya miƙa. Abin da ya bayar izini ne mai sharaɗi. Mu da muka taso muna jin karatun wakafi bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida sananniya cewa sharaɗin mai wakafi ana kiyaye shi kamar yadda ake kiyaye nassi. Mutum ya haƙa rijiya ya ce ta sha ce, ba ta ban ruwan gona ba. Kana iya ganin sharaɗin ya yi tsauri, kana iya zuwa ka roƙe shi ya sassauta. Abin da ba ka da ikon yi shi ne ka yi shela a kasuwa ranar da ya yi tafiya, ka ce tun da bai yi magana ba ya yarda.

Wani daga cikinmu ya jefo mini karin maganar da na san za a jefo: "Malam, ai shiru ma magana ce." Gaskiya ne, amma shirun wanda ya ji. A cikin waɗanda suka rubuta littafin nan akwai wanda ya sauya lamba, akwai malamar da aure ya kai ta Maradi ta fita daga zauren, akwai wanda wayarsa ta lalace bai sayi wata ba, akwai kuma wanda ya riga mu gidan gaskiya. Shirun wanne daga cikinsu ne magana? Akwai wata ƙa'idar da ake jingina wa Imam Shafi'i, cewa ba a danganta magana ga wanda ya yi shiru. Inda shari'a ta karɓi shiru a matsayin yarda, kamar budurwar da aka nemi izininta a kan aure, ai sai da aka je gabanta aka tambaye ta, kuma an san dalilin shirun, kunya ce. Babu kunyar da ta hana malamin lissafi cewa e ko a'a. Bai ga saƙon ba ne kawai.

Wannan dabarar ta shugaban zaurenmu ba shi ya ƙago ta ba. A 2017 masu kula da OpenSSL, wata manhajar tsaro da shafukan intanet masu ɗimbin yawa suka dogara da ita, sun aika wa waɗanda suka taɓa ba da gudummawa saƙon imel suna neman sauya lasisi, suka ce wanda ba su ji daga gare shi ba za su ɗauka ba shi da ja. An yi musu ca a kai. A watan Satumba na 2019 kuma kamfanin Stack Exchange, mai shafukan tambaya da amsa inda ɗalibai da masu shirya manhaja ke koyon aiki, ya wayi gari ya sanar cewa duk abin da jama'a suka rubuta ya koma sabon zubin lasisin Creative Commons, daga 3.0 zuwa 4.0. Bambancin da ke tsakanin zubin biyu ma ba mai yawa ba ne. Duk da haka marubutan suka ce wa ya ba ku? A 2020 kamfanin ya ja da baya, ya ce kowane rubutu yana nan a kan lasisin da ke aiki lokacin da aka yi shi. Ba cutar da sabon lasisin zai yi musu ce ta tayar da mutane ba. Rainin ne.

Masu goyon bayan shugaba sai suka kawo Wikipedia. Suka ce ai ita ma ta sauya lasisi a 2009 da ƙuri'a, ba ta bi marubutanta gida-gida ba. Wannan misalin ya cancanci a tsaya a kansa, domin ana yawan faɗinsa rabi.

Da aka buɗe Wikipedia a 2001 lasisin Creative Commons bai fito ba tukuna, sai a ƙarshen 2002. Sai aka ɗauki GFDL, wanda gidauniyar Free Software Foundation ta tsara don littattafan bayanin manhaja. Riga ce da ba a ɗinka don Wikipedia ba. Misali, in za ka buga maƙala mai shafi ɗaya ka raba wa ɗalibai, dole ka haɗa da cikakken rubutun lasisin, wanda ya fi maƙalar tsawo. Ga shi kuma marubutan sun wuce a ƙirga, da yawa ba su ma sa suna ba. To yaya aka yi? Tun farko duk wanda ya danna maɓallin ajiyewa ya amince da GFDL na lokacin ko duk wani zubi da gidauniyar za ta fitar nan gaba. Ta wannan ƙofar aka bi. A watan Nuwamba na 2008 gidauniyar ta fitar da zubi na 1.3, ta sa wata saɗara da ta ba shafukan haɗin gwiwa irin Wikipedia damar komawa CC BY-SA, wato irin lasisinmu ba tare da sharaɗin hana kasuwanci ba, amma kafin 1 ga Agusta 2009, daga nan ƙofa ta rufe. Aka yi ƙuri'a, sama da mutum 17,000 suka jefa, kusan kashi 76 cikin 100 suka amince.

Ka lura, ba ƙuri'ar ce ta halatta sauyin ba. Ƙuri'ar neman albarka ce. Abin da ya halatta shi izinin da kowane marubuci ya bayar tun ranar da ya fara rubutu, da kuma wakilin da ya yarda ya yi hukunci a madadinsa. Kuma ruhin sharaɗin bai canza ba: a ambaci masu shi, a bar shi a buɗe ga na baya. Ko da hakan akwai waɗanda suka ga an yi musu wayo da ƙaramin rubutu. Mu kuwa ba mu da irin wannan saɗarar a littafinmu, kuma abin da muke son cirewa shi ne ainihin sharaɗin da ya sa wasu suka yarda suka ba da rubutunsu tun farko.

Misalin da ya fi kama da namu, kuma wanda nake ganin shi ne hanyar mutunci, na OpenStreetMap ne, taswirar duniya da 'yan sa kai suke zanawa tun 2004. Su ma sun gano lasisin da suka fara da shi bai dace da tarin bayanai irin nasu ba, suka so komawa wani da ake kira ODbL. Ba su da ƙofar da Wikipedia ta samu. Sai suka bi doguwar hanya: kowane mai asusu aka tambaye shi, ya danna na yarda ko ban yarda ba. Shekaru aka kwashe ana rigima da lallashi da cigiyar waɗanda suka ɓace. A watan Yuli na 2012 suka saki wata manhaja ta bi taswirar duniya tana goge abin da waɗanda suka ƙi, da waɗanda ba a samu ba, suka zana. A dunƙule abin da aka rasa kusan kashi 1 ne cikin 100, amma bai faɗi daidai ba: a Ostareliya da Folan an yi ɓarna sosai, tituna suka ɓace, sai da mutane suka koma suka sake zanawa. Ranar 12 ga Satumba 2012 aka koma sabon lasisi.

Na san yadda wannan ke sauka a kunne. A goge titi daga taswira saboda mutum guda bai amsa imel ba? A cire babi daga littafin yara saboda malama ta koma Maradi? Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a wancan ɓangaren, kuma ba na raina ta. Yaran da ke zaune a ƙasa, mutum biyar a kan littafi guda, ba su san wani abu lasisi ba. Kowane wata da muka ɓata muna cigiya, wata ne da ba a buga littafin ba. Kuma akwai ƙyashi a cikin mutane, wani zai ƙi ne kawai don ba shi ya kawo shawarar ba.

Amma abubuwa biyu sun rage mini nauyin wannan hujjar. Na farko, wanda ya ƙi bai ƙwace komai daga hannun yara ba. Lasisin Creative Commons ba a janye shi. Abin da aka saka a kansa ya saku. Kamfanin Flat World Knowledge na Amurka ya wallafa littattafan jami'a kyauta da irin lasisinmu, a ƙarshen 2012 ya daina bayarwa kyauta, amma kwafin da mutane suka riga suka adana suna nan suna yawo da halaccinsu, kamfanin bai iya hana su ba. Haka tsohon littafinmu: yana nan cikakke da kowane babi, kowa na iya turawa da kwafa har abada. Sabon bugu ne kawai zai fita babu rabon wanda bai yarda ba. Na biyu, mu malamai ne, ba tsoffin tituna muke nema a wata nahiya ba. Babin da aka cire muna iya zama mu sake rubuta shi. Wahala ce, amma wahalar tamu ce, mu da muke son sauyin. Bai kamata mu ɗora kuɗinta a kan haƙƙin wanda ba ya nan ba.

Kuma akwai abin da ba ya shiga lissafi da sauƙi. Irin wannan aiki da amana yake tafiya, ba albashi ba kwangila. Ran da malami ya ga babinsa a kasuwa da farashi a bango, alhali ya bayar ne a kan ba za a sayar ba, ba kotu zai je ba. Shiru zai yi, irin shirun da yake magana da gaske, ba zai ƙara turo ko layi ɗaya ba, kuma zai gaya wa abokansa a ɗakin malamai.

Ban ce a bi kowa da kowa ba. Wanda aikinsa bai wuce mayar da k zuwa ƙ ba, ko gyara waƙafi, mun gode masa, sunansa na cikin jerin godiya, amma ba zan tsayar da bugu ina nemansa ba. Wanda ya rubuta sakin layi nasa na kansa, ko ya zana hoto, ko ya tsara tambayoyin ƙarshen babi, shi dole a ji daga bakinsa, kuma a rubuce, ko da saƙon waya ne a ajiye. A kuma faɗa masa gaskiyar abin da yake amincewa da shi, ba a dunƙule ba: wani zai iya bugawa ya sayar ya ci riba, kai ko sisi ba za ka gani ba, kuma in ka yarda yau ba ka da damar fasawa gobe. Yardar da aka samu da "ai ɗan gyara ne kawai" ba ta fi shirun can daraja ba.

Da mun san haka, da tun ran gini mun yi zane. OpenStreetMap sun koyi darasin: a sabuwar yarjejeniyarsu sun rubuta cewa nan gaba ana iya komawa wani buɗaɗɗen lasisin idan 'yan gidauniyar OpenStreetMap suka zaɓa kuma kashi biyu cikin uku na masu ba da gudummawa a kai a kai suka amince. Kowa ya sa hannu a kan haka da idonsa buɗe. Duk wasu malamai, ko ƙungiyar marubuta, ko masu fassara littattafan yara da za su fara irin wannan aikin yau, layi uku a shafin farko sun ishe su: wa ke da ikon sauya sharaɗi, da yardar mutum nawa, kuma wane sharaɗi ne ba za a taɓa ba ko da kowa ya taru.

Zaure dai ya yarda a bi doguwar hanya, wasu da guna-guni. Aka raba mana sunaye. Malamar Maradi ta wurin ƙanwar mijinta aka samo lambarta, ta turo saƙon murya tana dariya, ta ce ita har ta manta ta zana zuciyar nan, a buga Allah ya sa albarka.

Ni aka ba gidan marigayi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ce haƙƙin rubutu yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wato ya shiga cikin gado kamar gona. Na je da la'asar, babban ɗansa ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, mahaifiyarsu ta zauna daga bakin ƙofar ciki. Bayan gaisuwa da addu'a na yi bayani iyakar iyawata.

Ta ce, "Malam, sunansa zai fita daga littafin?"

Na ce, "A'a Hajiya, sunansa dole ne, duk wanda ya buga sai ya sa."

"Shi mai bugawar zai samu kuɗi?"

"Zai samu."

"Yaran nan fa?"

Nan na so in yi kwana, amma ba don haka na zo ba. Na ce babu abin da zai zo musu ta wannan hanyar, kuma in sun ƙi babu wanda zai ga laifinsu. Ta yi shiru ta daɗe. Sannan ta ce akwai ƙanana a cikin magada, ba za ta yanke ita kaɗai ba, sai ta yi magana da baffansu. Sati uku sai ga ɗan ya kira ni, ya ce Baffa ya ce a buga, suna fatan ladan ya riske shi.

Mutum guda ne ya ƙi, kuma da ransa da lafiyarsa, wayarsa na shiga. Dattijo ne da ya koyar da wasunmu. Na same shi a ƙofar gida na ce, "Allah ya gafarta Malam, alfarma muka zo nema." Ya saurare ni har na gama. Ya ce shekarun baya wani ya taɓa kwashe takardun darasinsa ya buga da sunan kansa, yana ji yana gani ɗalibansa suna saye. Ya ce ya san mu ba haka muke ba, amma ya yi wa kansa alkawari, alli ya ci da shi, rubutunsa kuwa ba zai shiga kasuwa ba. Na buɗe baki zan ce ai sabon lasisin ya wajabta ambaton suna, sai na ga ya riga ya san haka. Na yi godiya na tashi.

Babinsa na lantarki ne, kuma shi ya fi kowane babi daɗi a littafin. Ya kwatanta tafiyar wuta a waya da ruwan da ake kora wa albasa a fadama: injin ban ruwa shi ne batir, kwalbatin da ya cushe shi ne abin da ke rage gudu, in ka datse hanya ɗaya ruwa ya bi ɗayar. Ni aka ɗora wa sake rubutawa. Doka ba ta hana ni aron kwatancen ba, domin kalmomi take karewa, ba tunani ba. Na rubuta shi da fadamar, na karanta, na ji muryarsa ce nake kwaikwayo, na goge. Na koma na yi da bututun famfo da tankin ruwa.

Sabon bugu ya fito, ana sayar da shi a kan teburin masu littattafai ranar kasuwa. A ajina kuwa, duk shekara in muka iso lantarki, sai na ga wani yaro ya zaro tsohon babin Malam, wanda yayansa ya buga masa a shagon fotokwafi, ya ɗora a kan nawa.